Sifirin da Lirwanu Ya Sa Aka Yanke

Duk wanda ya san Lirwanu mai gwajin jini a Bukkuyum zai shaide shi da natsuwa. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa har ta kai ga gulma, bai taɓa ɗaga wa kowa murya a kasuwa ba. Amma wannan natsattsen mutum shi ne ya hana surukinsa yi wa wansa wankan gawa da salla. Ba da mugunta ya yi ba, da mota ya yi.

Ɗan manomi ne, gero da wake suka raine shi. Ya yi makarantar koyon aikin lafiya, kuma shekarar da gubar dalma ta addabi ƙauyukan masu haƙar zinariya yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin ɗibar jinin yara a Abare. Hannunsa da sauƙi, sau ɗaya yake soka allura ya sami jijiya, har iyaye mata suna cewa a bar su su jira layinsa. Da aikin ya lafa sai ya sami gurbi a wani ɗakin gwaji a Gummi, kullum ya tafi da safe ya dawo da yamma. Ya auri Zinatu, ɗiyar Malam Sahabi, limamin wani ƙauye a ƙasar Gwashi, suka sami ɗiya Kausar. Rayuwa dai daidai gwargwado, ba abin da za ka ɗaga ka ce ga aibu.

Sai mota. Wallahi kowa da inda hankalinsa ke yoyo, shi nasa nan ne. Mutum mai iyali, wanda hanyarsa rabi kwalta rabi jar ƙasa, ya rasa abin saye sai wata 'yar mota mai ƙofa biyu, ruwan toka, irin wadda aka ƙera don gudu, da aka shigo da ita ta Kwatano. Kujerun bayanta ko akuya sai ta naɗe ƙafa kafin ta zauna. Mahaifiyarsa da ta gan ta cewa ta yi, "Ina sauran?" Shi kuwa in ya tada ta da safe ya ji rurinta sai ya ji duniya ta yi masa daidai.

Abu ɗaya ke damunsa. In ya shiga kwana da gudu a hanyar Gummi sai motar ta kwanta gefe guda, gindinta yana rawa, in ya taka birki ta dunƙura da hanci. Ya kai ta wurin Jatau, bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya kusa da tashar Gummi, mutum mai faɗa da iya aiki. Jatau ya danna kowace kusurwa da gwiwa ya saki, ya leƙa ƙasa, ya zagaya yana tsaki.

"Likita, motar ga lahiya lau take, ƙafafunta ne sunka gaji. Dubi nan. Taya huɗu, kowace daga gidan ubanta daban, wagga ma ta girmi ɗiyarka. Da taya za ka fara, huɗu iri ɗaya, don ita kaɗai ke taɓa ƙasa. In ka huta, mu sauya shokozoba, shi ke hana ta wannan rawar. Sannan robobin ƙafa, sannan a saita ta. Shi ke nan."

"Sifirin fa?" in ji Lirwanu, yana nufin murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a saman kowace taya.

"Mi sifirin ya yi maka?"

Lirwanu ya fito da waya. Ya daɗe yana kallon hotunan irin motarsa a ƙasashen waje, an duƙar da su har cikinsu na neman shafar titi, kuma masu su sun ce abin da ake fara yi ke nan: mota in ta matso ƙasa ba ta kwanciya a kwana. Jatau ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya mayar masa.

"Waɗanga mutane, ka tambaye su ko sun taɓa bin hanyar Gwashi? Su titinsu kamar faranti yake. Kai kullum kana cikinta, ga iyali, ga rami, ga tudu. Ka bar mata tsawon da anka yi ta da shi."

Aljihun ma'aikaci ba ya ɗaukar gyara huɗu a wata ɗaya, dole a zaɓi na farko. Lirwanu ya kwana biyu yana juya maganar, kuma a ransa ya san ta Jatau ce daidai. To amma sabuwar taya wa zai gani? Wa zai tsaya a bakin masallaci ya ce kai, dubi shokozoba? Ya koma ya ce shi dai a duƙar da ita. Gajeren sifirin na ainihi babu shi ko a Gusau, sai dai a yanke wanda ke jiki. Jatau ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ba da hannuna ba. Tahi can a yi maka." Ya kuwa tafi. Wani mai walda a bayan kasuwa, wanda bai tambaye shi komai ba, ya sa wuta ya datse zagaye ɗaya da rabi daga kowane sifirin.

A faɗi gaskiya, a kan kwalta motar ta gyaru. Ta daina kwanciya, tana shiga kwana tsaf, in ya murza sitiyari ta bi nan take. Ranar farko har waƙa ya yi a hanya. Sai dai ta yi tauri kamar benci, kowace tsakuwa sai ya ji ta a haƙoransa, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai fi yatsu huɗu ba.

Ga shi kuwa ƙauyukanmu ba sa wasa da tudu. Ko'ina mutane sun sa fartanya sun tara ƙasa a gicciye kan hanya don masu gudu su rage saboda yara da awaki, wasu har da kututture ko duwatsu a ciki don kada ruwa ya cinye. Lirwanu ya koyi dabara. In ya iso tudu sai ya tsaya cak, ya karkata motar, ya hau da taya ɗaya-ɗaya yana cije leɓe. In shi kaɗai ne tana wucewa da ƙyar. In da mutum a gefe kuwa, sai mutumin ya sauka ya taka da ƙafa. Zinatu ta saba, tun kafin ya yi magana take buɗe ƙofa, da goyo a bayanta, tana cewa, "Baban Kausar, ni dai ban san ko ni ke hawan motar ga ko ita ke hawa na ba." Abokan aikinsa suka mai da abin wasa. Shi ma yana dariya, yana cewa wata mai zuwa zai nemi wani sifirin. Watanni bakwai yana faɗin haka.

Yanzu sai a san wane ne Malam Sahabi a wurinsa. Dogo ne, kakkaura, mai ciwon gwiwa, mai ƙarancin magana. Shi ya ba Lirwanu Zinatu ba tare da ja-in-ja ba. Tsakaninsu akwai kunyar surukuta irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba. Lirwanu tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi idonsa a ƙasa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba, ko wani mai irin sunan ya zo gwaji sai ya ce "mai sunan Baba". Shi ma Malam ba ya kiran sunansa, sai dai "yaron nan". Shekara shida, in ka tara maganar da suka yi ban da gaisuwa ba za ta cika minti goma ba. In akwai saƙo, ta bakin Zinatu yake bi.

Wata Litinin da kaka, ana idar da sallar asuba waya ta shigo. Alhaji Bature, wan Malam Sahabi, ya rasu a Anka. Su biyu ne kaɗai iyayensu suka bari, tun suna ƙanana marayu, Bature ne ya yi dako da rini ya ciyar da ƙanensa har ya yi karatu. Kuma ya sha faɗa a gaban 'ya'yansa da maƙwabta cewa in ta Allah ta kasance, Sahabi ne zai yi masa wanka, shi zai sallace shi. Iyalan suka ce za su jira har azahar. Fiye da haka ba zai yiwu ba, ana zafi.

Zinatu tana kuka ta ce akwai ɗan kabu-kabu a ƙauyensu wanda ya ce zai kai Baba a mashin ta hanyar daji, awa biyu sun isa. Nan fa Lirwanu ya ji abin ya taɓa shi. "Ina da mota surukina ya hau mashin zuwa gaisuwar mutuwa? Da ciwon gwiwa? Mi mutane za su ce?" Ta buɗe baki za ta yi maganar tudu, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta kira ƙauye ta ce Baba ya jira, ga mota nan tafe.

Da zuwa shi kaɗai ne, ya lallaɓa ya isa wajen ƙarfe takwas. Malam na tsaye a ƙofar gida da farar riga da carbi, idanunsa jawur. Lirwanu ya durƙusa ya yi ta'aziyya. Malam ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Mu tahi." Ya naɗe rigarsa ya sunkuya ya cusa kansa cikin motar da ƙyar, gwiwoyinsa na tokare da gaba. Yana zama Lirwanu ya ji motar ta ƙara nutsewa. Sai a lokacin ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun a gida.

Lokaci akwai shi, har da rara. Abin da ake bukata kawai kalma uku: Baba, ɗan sauka. A bakin ƙauyen farko ga tudu. Lirwanu ya tsaya, ya karkata motar, ya buɗe baki. Kalmomin suka ƙi fitowa. Ta yaya? Ka dubi surukinka, limami, wanda wansa ke kwance ana jiransa, ka ce ya fita ya taka da ƙafa a gaban mutane don ya yi wa motarka nauyi? Ya rufe bakinsa ya taka mai a hankali. Ƙurrr, cikin motar ya goge ƙasa, ƙarar ta shigo har cikin kujeru. Malam bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja. Shi ma ai ba zai tambayi surukinsa me ya sami motarsa ba.

Tudu na biyu haka, na uku haka. Zufa ta jiƙa wa Lirwanu riga. A na huɗu akwai dutse a binne. Ƙwam! Motar ta girgiza, ta maƙale, ya ƙara mai ta fizge ta wuce. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ne ya fashe, kuma ya sani, don ba yau ya fara leƙa cikin motarsa ba.

A nan ne ya yi abin da har yau ba ya yafe wa kansa. Yankan sifirin wauta ce, kowa na yin wauta. Amma a daidai wurin, ƙarƙashin wata tsamiya, ga 'yan kabu-kabu uku zaune kan mashinansu suna jiran fasinja. Ya gan su, sun gan shi, ɗaya har ya ɗaga masa hannu yana nuna ƙasan motar. Da ya tsaya ya ce Baba, mota ta samu matsala, ga mashin, da kafin sha ɗaya Malam na Anka. Bai tsaya ba. Ya ce a ransa wataƙila tsagewa ce kaɗan, wataƙila ta kai su. Da 'yar jar fitilar mai ta kama a gabansa, sai ya zaro hankici ya shimfiɗa a kanta kamar mai share ƙura, don kada Malam ya gani. Kai, Lirwanu! Mutumin da ke duba jinin mutane ya gaya musu gaskiyar da ba sa so, shi ne ya rufe fitila da hankici.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wani irin kuka, ya buga. Motar ta gangara ta tsaya a tsakiyar daji, gonakin dawa hagu da dama, ba gida ba sabis a waya. Suka fito. Malam ya juya ya dubi hanyar da suka biyo, ga baƙin layin mai ya biyo su ɗigo-ɗigo har inda ido ya ƙare. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "In tura maka?"

Da ƙasa za ta tsage da Lirwanu ya shige. Ya durƙusa a gefen hanya ya ce, "Ba ta turawa ba ce, Baba."

"To. Mu taka."

Suka kama hanya, Malam a gaba yana ɗingishi, Lirwanu a baya da taku biyar, don ba a jerawa da suruki. Ba ranar kasuwa ba ce, kowa na gona. Mashin na farko da ya wuce an ɗaure masa dammunan gero har direban ba ya ganin baya. Na biyu mata biyu da jariri ya ɗauko. Ƙauyen da suka isa bayan awa biyu gida shida ne, mai mashin ɗaya tak, shi ma ya tafi Gummi tun safe. Aka ba Malam ruwa ya sha, ya duba rana, suka ci gaba. Sau uku yana tsayawa ya dafa gwiwa. Ko tsaki bai yi ba, Lirwanu kuwa da zagi ya samu da ya fi masa sauƙi.

Rana ta karkata kafin wani Bafillace ya zo a mashin ba kaya, ya ji abin da ake ciki, ya ɗauke su su biyu. Suna shiga Anka, a kan hanyar unguwar, suka yi kiciɓis da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, wasu da ƙasa a gwiwar wando, ana ɗauke da makara ba kowa a ciki.

Babban ɗan mamacin ya taho da sauri. "Baffa, mun jira har anka yi salla, mun ƙara jira. Mi ya tsai da ku?" Idonsa na kan Lirwanu, don an riga an gaya musu da motar wa za a zo. Malam Sahabi ya ce, "Allah bai nufa ba. Yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinai." Ya nemi a nuna masa kabarin, ya ce kada kowa ya biyo shi. Lirwanu ya tsaya a bakin hanya yana kallon bayansa, mutane na zuwa suna ba shi hannu suna cewa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kowace sannu sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Washegari Jatau ya je da janwe aka jawo motar Gummi. Ya cire hankicin daga kan fitilar, ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya dubi Lirwanu. "Wanga fa? Sabon gyara ne da ban sani ba?" Ya yi faɗa har masu shayi suka taso, ya ce da mota da mai ita duk a kai su bola. Da ya ga Lirwanu bai ɗago kai ba, hawaye na ɗiga kan takalminsa, sai ya jawo akwatin sifanu. Cikin kwana shida ya tada injin. Sifirin kuwa sai an aiko daga Legas, mako uku ko fiye. Motar ta fito tana tafiya, amma a duƙe kamar yadda take.

Malam ya zauna a Anka har addu'ar bakwai. Kafin nan magana ta zagaya, don Bafillacen ya ba da labari, 'yan kabu-kabun tsamiya ma sun ba da nasu. A zaman makoki ana ta ƙus-ƙus, surukin Liman mai motar 'yan gayu. Lirwanu ya shirya da wani mai bas ya mai da Malam gida, ya aika ta bakin Zinatu. Ta dawo da amsa: "Baba ya ce da motar da ya zo da ita zai koma. Ya ce ka zo ƙofar gida ka ɗauke shi, da rana, bayan an shafa fatiha."

Haka aka yi. A gaban duk masu ƙus-ƙus ɗin Malam Sahabi ya naɗe riga ya cusa kansa cikin motar, ya ɗaga wa jama'a hannu. Lirwanu ya ja motar. Tun daren jiya yake haddace kalma ukun nan, ya rantse wannan karon zai faɗa ko da harshensa zai tsinke. Suka fita gari, suka sauka daga kwalta, ga tudun farko. Ya taka birki, ya ja numfashi.

Kafin ya buɗe baki ya ji ƙarar ƙofa. Malam ya riga ya zuro ƙafa waje. Ya dafa rufin motar ya miƙe da ƙyar, ya taka a hankali ya haye tudun, ya tsaya a ɗaya gefen yana jira, fuskarsa na kallon gonaki. Lirwanu ya karkata motar ya wuce, ko gogawa ba ta yi ba. Malam ya dawo ya zauna, ya rufe ƙofa, ya ci gaba da jan carbi.

Tudu tara ne tsakanin Anka da ƙauyen Malam. A kowane ɗaya tsohon ya sauka da kansa, da gwiwar nan tasa, har a gaban 'yan kabu-kabun tsamiya, waɗanda suka miƙe suka gaishe shi. A na ƙarshe Lirwanu ya kasa jan motar, ya kifa kai a kan sitiyari. Malam ya jira, ya jira, sannan ya dawo ya sunkuya ta taga.

"Taho, yaron nan," ya ce. "La'asar na wucewa."